Kaka da 'Yan Hayar Cikinta

Kaka: Kai maigida, miƙo min kafso ɗin nan guda huɗu. An ce cikina cike yake da ƙwayoyin cuta, yau sai na ga bayansu.

Jika: Wa ya rubuta miki maganin?

Kaka: Ni na rubuta. Ciki nawa, sai na nemi izini?

Jika: To kina da aiki. Masana sun ƙiyasta bakteriyar jikin babban mutum ta kai tiriliyan 38, yawancinsu a babban hanji.

Kaka: Innalillahi! Ashe shi ya sa nake jin nauyi in zan tashi!

Jika: Duk taronsu bai wuce giram 200 ba. Wannan nauyin na loma ne.

Kaka: Ja'iri. To suna zaune haka kawai, ba kuɗin haya?

Jika: Suna biya mana. Su ke narka abin da hanjinki ya kasa, su haɗa miki bitamin K, su tare wuri kada mugaye su samu masauki. Kin zuba musu kafso babu dalili, na kirki za ki fara kwashewa, gobe ki kwana kina zaryar bayi.

Kaka: To wannan iskar da ke kuɓuce min bayan cin abinci fa?

Jika: Aikinsu ne.

Kaka: Alhamdulillahi! Ka faɗa wa mutanen gidan nan, shekara da shekaru ana ɗora min laifin wasu.

Jika: Yogot ɗin da kike sha ma su suka yi. Lactobacillus ce ke juya sukarin madara ya yi tsami, ta kame.

Kaka: Lakto wa? Sunan ma kamar na mai kuɗi. Allah ya yi mata albarka. Ɗauko min ragowar kazar can in yi mata tukuici.

Jika: Wadda ta wuni a buɗe tun safe? A'a, Kaka. Cikin ɗumi irin wannan, wata bakteriyar kan ninka kanta duk minti 20.

Kaka: Na shinshina, lafiyarta lau.

Jika: Salmonella ba ta wari, ba ta sauya ɗanɗano. Sai dai ki ji ta a murɗar ciki da zazzaɓi.

Kaka: To in ba ta wari, su masanan naka ta yaya suke gane muguwa?

Jika: Da gwaji. Akwai wani likitan Ostareliya, Barry Marshall, a 1984 ya kwankwaɗi ƙwayar da ke kawo gyambon ciki da gangan, don a yarda da shi. Ya yi ta amai. A 2005 aka ba shi kyautar Nobel.

Kaka: Don ya yi amai?

Jika: Don ya tabbatar da...

Kaka: Da kuɗi a kyautar?

Jika: Masu yawa kuwa.

Kaka: Ungo kazar, maigida, cinye har ƙashi. Bari in ɗauko maka bokiti, in sun kawo sai mu raba.