Wa Ya Sa wa Ƙwarangwal Yunifom?

An gama jarrabawar ƙarshe, saura a raba takardun shaida kowa ya kama gabansa. Malamin aji ya shigo da rajista a hammata da wani sabon littafi mai baƙin bango. Monita yana tsaye a bakin allo da takardarsa ta masu surutu, ko da yake mulkinsa ya ƙare tun jiya, sai dai babu wanda ya yi ƙarfin halin sanar da shi.

MALAM: Ku zauna, ku natsu, yau babu darasi kuma babu aikin gida. Shugaban makaranta ya ce kowane ɗalibi ya faɗi abin da ba zai manta da shi ba a zamansa na nan, sannan ya faɗi inda yake hango kansa nan da shekara 20. Za a kulle littafin a ofis, idan Allah ya kai mu ku dawo ku karanta ku ji kunya.

CIKA-BAKI: Allah ya gafarta Malam, a fara da ni, domin shafin farko ne 'yan jarida za su nema idan lokaci ya yi. A rubuta cewa nan da shekara 20 ni ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

MALAM: Madalla. Ƙasashe nawa ne a majalisar da za ka shugabanta?

CIKA-BAKI: Suna da yawa, Malam, kuma idan na hau kujerar zan ƙara wasu.

'YAR GABA: Ƙasashe 193 ne, Malam, an kafa ta a 1945, kuma hedikwatarta tana birnin New York. Na faɗa ne saboda kada ya sauka a wani garin ranar kama aiki, tun da shi ne ya rubuta a jarrabawar labarin ƙasa cewa Afirka ƙasa ce guda kuma babban birninta Masar.

CIKA-BAKI: Shugaba ba ya wahalar da kansa da haddace ƙananan abubuwa, ma'aikata yake ɗauka su haddace masa. Ki ajiye takardunki a kusa, 'yar'uwa, zan neme ki.

Ana cikin haka sai ƙofa ta buɗe a hankali, Ɗan Latti ya saɗaɗo yana bin bango, kamar yadda ya saba tun daga ajin farko.

MALAM: Har yau ma? Hasken rana yana tasowa daga nisan kilomita miliyan 150, ya iso duniya a cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Kai kuwa katanga ɗaya ce ta raba gidanku da makarantar nan, amma ban taɓa ganin ka a layin safe ba. Yi mini bayani kafin mu rabu.

ƊAN LATTI: Allah ya gafarta Malam, ai shi hasken ba ya tsayawa neman takalminsa ƙafa ɗaya kafin ya fito.

MALAM: To, me kake so ka zama?

ƊAN LATTI: Matuƙin jirgin sama, Malam. Na yi nazarin sana'o'i da yawa, na ga ita kaɗai ce wadda ba a farawa sai na zo. Fasinjoji za su zauna su ɗaura bel su jira ni, kuma duk lokacin da na iso shi ne lokacin tashi.

MONITA: Malam, a rubuta sunan kamfanin da zai ɗauke shi, domin mu guje masa. Ni kuwa alƙali zan zama, tun da na riga na saba da rubuta sunayen masu laifi, kuma ban taɓa sauraron uzurin kowa ba.

MALAM: Alƙali yana sauraron ɓangare biyu kafin ya yanke hukunci.

MONITA: Abin da yake jawo jinkirin shari'a ke nan, Malam, kuma ni gyara na zo yi.

'YAR GABA: Ni likitar ƙashi zan zama, in Allah ya yarda. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma na san sunan kowanne da wurin zamansa.

Babu wanda ya yi gardama, domin gardama da 'Yar Gaba ɓata lokaci ne, kuma ajin ya daɗe da gane haka. Malam ya ɗaga kai ya dubi kujerar baya ta kusa da taga, inda wani ya kifa kansa a kan tebur.

MALAM: A tashe shi.

SARKIN BARCI: Ina nan, Malam! Shafi na nawa ne?

MALAM: Babu shafi, karatu ya ƙare. Me za ka zama nan da shekara 20?

SARKIN BARCI: Masanin kimiyya, Malam, kuma da bakinka ka ba ni hujja. Ka gaya mana cewa Mendeleev, mutumin Rasha wanda ya tsara jadawalin sinadarai a 1869, ana cewa a mafarki ya ga yadda zai jera su. Tun ranar da na ji wannan labari na gane inda ilmi yake ɓoye, na duƙufa a kansa ba dare ba rana.

MALAM: Shi mutumin nan shekaru ya yi yana auna sinadarai yana kwatanta nauyinsu da halayensu, har ya bar gurabe a jadawalin saboda waɗanda ba a gano ba tukuna, kuma daga baya aka gano su suka cike guraben. Bayan duk wannan wahala ne ya yi barcin nan guda da ake ba da labari. Kai kuwa da barcin ka fara.

SARKIN BARCI: Kowa da tsarinsa, Malam. Na kammala ɓangaren barcin, saura aikin.

MALAM: Me ka gano a mafarkin naka?

SARKIN BARCI: Yawanci ina mafarkin an kaɗa ƙararrawar tashi, kuma sau da yawa idan na farka sai in tarar gaskiya ne.

'YAR GABA: A yi masa adalci, Malam. Dokar Newton ta farko ya ci ta a jarrabawa ba tare da kuskure ba, wato abin da yake kwance zai ci gaba da kwanciya har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. A misalin da ya bayar ma ya rubuta cewa ƙarfin daga waje shi ne dastar Malam.

MALAM: Na ba shi makin, domin misalin daidai ne. Amma na lura kowa ya yi tsalle ya faɗa shekara 20 masu zuwa, babu wanda ya faɗi abin da ya tuna. A duk shekarun nan babu abin da ya zauna muku a rai?

Ajin ya yi tsit. Can sai Ɗan Latti ya dubi Cika-Baki, Cika-Baki ya dubi Monita, dariya ta ƙwace wa wani a layin tsakiya, daga nan ta bazu ko'ina.

CIKA-BAKI: Malam, akwai abu ɗaya, amma sai an ba mu tabbacin cewa abin da ya wuce ya wuce.

MALAM: Ku faɗa, ai yau ranar bankwana ce.

Mai hankali zai lura cewa Malam bai ce ya yafe ba, amma ranar ƙarshe ba ranar lura ba ce.

CIKA-BAKI: Ranar ƙwarangwal, Malam, shekara 2 da suka wuce. Da sassafe aka ɗauko ƙwarangwal ɗin roba na ɗakin gwaje-gwaje, aka sa masa yunifom da rigar sanyi da hula, aka zaunar da shi a kujerar Sarkin Barci, aka buɗe masa littafi a gabansa. Ka shigo ka kira rajista, da ka zo kan sunansa wani ya amsa daga baya cewa yana nan. Ka koyar da darasi biyu a jere, har ka tsaya a tsakiya ka ce kowa ya yi koyi da zaman da yake yi yau.

ƊAN LATTI: Da ba don muƙamuƙinsa ya ɓalle ya faɗi a kan tebur ba, da har tashi zai kai.

MONITA: Ƙarar ta yi yawa, saboda haka na rubuta sunansa a cikin masu surutu.

SARKIN BARCI: Ku dakata. Ashe wannan ne dalilin da ya sa washegari aka sa ni sharar filin wasa a kan surutu, alhali ni a ranar ina kwance a bayan kantar littattafai a ɗakin karatu? Na yi ta tunanin ko magana nake yi a cikin barci, har na fara tsoron kaina. Kuma a sakamakon wannan zangon Malam ya rubuta cewa na fara natsuwa, mahaifina ya karanta ya sa mini albarka a gaban ƙannena.

CIKA-BAKI: To ka gode mini, domin dabarar tawa ce daga farko har ƙarshe. Malam, a rubuta a littafin cewa ni ne na tsara, saboda masu rubuta tarihina su ga tun yaushe na fara jagoranci.

ƊAN LATTI: Tsarawa da baki ba ita ce aiki ba. Ni na goya shi a bayana tun daga ɗakin gwaje-gwaje, ƙafafunsa suna dukan ƙwaurina, kuma ni na amsa rajistar.

MONITA: Duk cikinku babu wanda zai shiga ɗakin ba da makulli ba, makullin kuwa a aljihuna yake kwana. A sa sunana a sama.

Malam ya rubuta kowane suna a tsanake, ya tambayi wanda ya kawo hular, ya rubuta shi ma. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tarin takardu ya ajiye a gabansa.

MALAM: Waɗannan su ne takardun shaidarku. Gurbin ɗabi'a har yanzu babu komai a cikinsa, kuma ban sa hannu a ko ɗaya ba. Shugaban makaranta kuwa shekara 2 ke nan yana tambaya ta inda muƙamuƙin ƙwarangwal ya shiga, domin tun daga ranar ba a sake ganin sa ba, kuma 'yan ajin da ke bayanku sun taso suna zaton haka aka halicci ɗan Adam.

CIKA-BAKI: Allah ya gafarta Malam, da na ce ni na tsara, da yawun jama'a nake magana, kamar yadda shugabanni suke yi. Ni a kaina ban ma san makarantar nan tana da ƙwarangwal ba.

MONITA: Makullin yana kwana a aljihuna, amma da rana ba ni da iko da shi.

ƊAN LATTI: Ni kuwa shaidata a fili take, Malam. An ce da sassafe aka yi abin, kuma kai da kanka ka faɗa yanzu cewa ba ka taɓa ganina da safe ba.

MALAM: Na ce ban taɓa ganin ka a layi ba. Ga rajistar mai gadi, a duk zamanka a makarantar nan rana ɗaya ce tak aka rubuta ka shigo kafin ƙararrawa, har mai gadin ya ja layi biyu a ƙarƙashin sunanka saboda mamaki. Kana so in karanta maka kwanan watan?

ƊAN LATTI: A bar shi, Malam. Dama na san sammako ba alheri ba ne a gare ni.

A nan ne 'Yar Gaba, wadda ba a taɓa rubuta sunanta a takardar Monita ba, ta buɗe jakarta a hankali, ta fito da wani abu naɗe a hankici ta ajiye a kan teburin Malam.

'YAR GABA: Malam, ya gangaro ne har ƙarƙashin kujerata, na ɗauka da niyyar mayarwa. Sai na ga jarrabawa ta kusa, ga haƙora 16 na ƙasa a jere, rabin 32 ɗin da baligi yake da su, kowanne a wurinsa, ya fi zanen littafi fitowa sarai. Na ce bari in riƙe shi mako guda. Da mako ya cika aka fara cigiya a taron safe, daga nan kuma tsoro ya hana ni.

MONITA: Ba ni biro! Shekaru nake jiran wannan rana.

MALAM: Ajiye biron, mulkinka ya ƙare tun jiya. Ku kuma ku daina rawar jiki, zan sa hannu. Kuna zaton ban gane ba? Tun daga bakin ƙofa na san ba shi ba ne, domin wanda na gani a zaune yake a miƙe, kuma ba ya minshari. Na ƙyale ku ne saboda darasin ranar a kan ƙasusuwa yake, kuma ban taɓa samun ajin da kowa yake waiwayen abin koyarwa kowane minti ba. A jarrabawar zangon babu wanda ya faɗi tambayar muƙamuƙi.

SARKIN BARCI: Tun da gaskiya ta fito, Malam, ina neman hakkina. A goge sunana daga masu surutu, a rubuta a littafin nan cewa an zalunce ni da shara, domin ban shiga aji ba a ranar.

MALAM: Hakkinka ne, kuma zan gyara. Sai dai idan ba ka shiga aji ba, dole in goge alamar halarta da aka yi maka a rajista. Na lissafa kwanakinka jiya da dare, na ga da wannan rana guda ka cika adadin da makaranta take nema kafin ta ba ɗalibi takardar shaida. Idan na goge ta, sai ka dawo baɗi ka maimaita ajin. In goge?

Sarkin Barci ya dubi rajistar, ya dubi muƙamuƙin da ke kan tebur, ya gyara zama ya miƙe bayansa.

SARKIN BARCI: Allah ya gafarta Malam, yanzu na tuna. Ni ne a zaune a wurin, rashin lafiya ce ta ramar da ni a wannan zangon.