Kafin Ka Tura Labarin Tatar, Tambayi Wanda Ya Ruwaito Shi

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa.

Duk sanda wata musiba ta faɗa wa Musulmi, sai labaran Tatar, wato Mongol, su cika WhatsApp da Facebook: ga abin da sarkinsu Jankis Khan ya ce a birnin Bukhara, ga yadda jikansa Hulagu ya yi da Bagadaza. Mu kuma sai turawa, ko karantawa ba mu gama ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin mu al'ummar isnadi ce. Malamanmu ba sa karɓar ruwaya sai sun tambaya wa ya faɗa, daga wa ya ji. To don me idan aka zo kan tarihi muke watsar da wannan tarbiyya?

Ku ɗauki maganar nan da ta fi yawo, wai Jankis Khan ya tara mutanen Bukhara ya ce musu shi azabar Allah ne, zunubansu ne suka jawo shi. Wanda ruwayar ta shahara ta hannunsa shi ne marubucin tarihi Juwaini. An ci Bukhara a 1220, shi kuwa Juwaini an haife shi a 1226. Kuma ma'aikacin Hulagu ne, har ya mulki Bagadaza a ƙarƙashin Mongol. Ban ce ƙarya ya shara ba, masani ne babba. Amma ku duba wa maganar take yi wa amfani. Azzalumi ba abin da yake so irin a yarda cewa shi ƙaddara ne, wadda ba a ja da ita. Su kansu Mongol sun gina wa sarkinsu irin wannan kwarjini: a labarinsu na kaka da kakanni, asalin gidansa kyarkeci ne da barewa, kuma an haife shi da gudan jini a dunƙule a hannunsa.

Faɗuwar Bagadaza a 1258 gaskiya ce mai ɗaci. An kashe Halifa Musta'asim, an yi wa jama'a kisan gilla. Amma adadin mamata fa? Hulagu da kansa, a wasiƙarsa ga Sarkin Faransa, ya ambaci 200,000. Wasu marubutan baya suka ce 800,000, wasu har miliyan 2. Labarin kogin Dijla ya yi baƙi da tawadar littattafai shi ma a rubuce-rubucen baya yake. Idan kuma aka kawo muku magana kan faɗuwar birnin aka jingina wa malamin tarihi Ibnul Asir, ku sani ya rasu tun 1233.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mun bar labarin da masana suka haɗu a kansa. A 1218 ayarin fatake ya taso daga ƙasar Mongol ya sauka a garin Otrar, cikin daular Sarki Muhammad na Khawarizm. Fataken wajen 450 ne, kuma Musulmi ne akasarinsu. Gwamnan garin, ɗan'uwan mahaifiyar sarki, ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya kashe su, ya kwashe dukiyarsu. Jankis Khan bai fara da yaƙi ba, manzanni ya aiko a miƙa masa gwamnan. Sarki Muhammad ya kashe manzo, ya wulaƙanta abokan tafiyarsa. Manzo fa, wanda addininmu ya hana a taɓa.

Wannan bai wanke Jankis Khan ba ko kaɗan, kuma ina jan kunnen samarin da ke liƙa hotonsa suna kiransa gwarzo. Mutumin da ya mayar da biranen Marw da Naisabur kufai ba abin koyi ba ne. Amma don Allah idan za ku ba ƙannenku labarin Tatar, ku fara daga Otrar, ku faɗa musu cewa shugaba Musulmi ne ya ci amanar baƙo, ya fifita danginsa a kan adalci. A 1219 rundunar Mongol ta iso. Sarkin ya tsere, ya mutu a wani tsibiri cikin Tekun Kasfiya, ya bar talakawan Bukhara da Samarƙand da takobi, mutanen da ko zare ɗaya ba su ci ba daga kayan ayarin nan.