Yaron da ke kai wa kowace ƙwallo duka a besbol, yana gyaruwa kuwa?

Jama'a yau kan besbol zan yi magana, na san wasu za su ce Malam ina ruwanmu da wannan wasa, to ku yi haƙuri, duk wanda ke zaune a unguwar Bronx ta New York ko ya so ko ya ƙi sai wasan nan ya shige masa kunne, filin ƙungiyar Yankees yana nan cikin unguwa, ga maƙwabta 'yan Dominika da ba su da hira sai ita.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kai ne mai bugu riƙe da sanda, mai jifa yana nesa da kai ƙafa 60 da inci 6, ya wurgo ƙwallo da gudun mil 95 a awa, ko rabin daƙiƙa ba ta yi ta iso. Gabanka akwai wani akwati da ido ba ya gani, faɗinsa inci 17, daga gwiwa zuwa wajen ƙirji. In ta bi ta ciki ka tsaya kallo an ci ka ɗaya, in ka kai duka ka kuskure haka nan, sau uku ka koma benci. In kuma ta bi ta waje ka ƙyale ta har sau huɗu, sai ka wuce zango na farko kyauta, shi suke ce wa wok. To gardamar da ba ta ƙarewa ita ce, yaro ɗan 20 mai ƙarfin hannu amma komai aka jefo sai ya kai masa sanda, zai koyi danne hannunsa ko haka zai tsufa?

Ni dai ra'ayina yana gyaruwa, amma kaɗan, kuma yawanci a makare, kuma ba laifin yaron ba ne kacokan.

Ku dubi Juan Soto. Yana ɗan 19 ya shigo babbar gasa da Washington a 2018, a wasanni 116 ya karɓi wok 79, babu wanda zai ce maka shekaru ne suka koya masa. A 2021 wok 145 ya yi, fita ta cin nan uku mai mai da mutum benci kuma sau 93 kacal. Wallahi kallonsa kaɗai abin nishaɗi ne, ƙwallo za ta wuce gefen akwatin da ɗan yatsa, shi ko motsi, sai ya tsuguna ya share ƙasa da ƙafa ya zuba wa mai jifa ido kamar yana cewa sake kawowa. Wannan idon na cikin abin da ya sa ƙungiyar Mets suka ba shi kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15. Sai ka juya ga Javier Báez, ɗan Puerto Rico, gwani ne na gaske, a 2018 shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon gasarsu da hom ron 34, wato bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katangar fili, amma wok 29 ya yi, ya fita sau 167. A 2021 wok 28, fita 184. Silaida, wato jifar da ke zamewa gefe daf da isowa, za ta karkace ta daki ƙasa nesa da shi, ka ga ya bi ta da sanda har gwiwa ƙasa, koci nawa suka wuce ta kansa, hali zanen dutse.

Masu cewa ana koya kullum Sammy Sosa suke kawowa. A 1997 wok 45 da fita 174, sai kocin bugu Jeff Pentland ya zauna da shi a ƙungiyar Cubs suka gyara tsayuwarsa ya riƙa ɗan jinkirtawa, 1998 ya yi wok 73 da hom ron 66, zuwa 2001 wok 116. Gaskiya ne ya canza, amma fa lokacin ya doshi 30, kuma mutumin da ke buga hom ron 60 ai masu jifa ne da kansu suke gudunsa, wok da yawa tsoro ne ya kawo su ba ido ba, ban da zargin ƙwayoyin ƙara kuzari da ya bi zamanin nan gaba ɗaya.

Abin da ya sa na ce ba laifin yaro ba ne, gidan dambe ne ya tuna min. A gida sabon ɗan dambe in ya fito da zafin kai yana ta zuba hannu ko ina, ba a zuwa turmi na biyu wani tsohon hannu zai tare da garkuwa ya jira shi ya buɗe, ya sauke masa guda ɗaya, ga shi a ƙasa gaban makaɗa da 'yan kallo da abokan garinsu. Hukuncin nan take ne kuma da kunya a ciki, shi ya sa tun yana ƙarami yake gane cewa ba kowane lokaci ake sakin hannu ba. A nan kuwa yaro mai baiwa ba ya shan wannan kayen da wuri. A sakandare masu jifan ba su kai ba, ko ta waje aka jefo zai dake ta ta fita fili, iyaye na tafi, masu farautar 'yan wasa na rubuta sunansa. Sai ya hau sama sosai yake haɗuwa da mai jifan da zai nuna masa ƙwallo kamar za ta shiga akwati sai ta zame a taku na ƙarshe, lokacin ya shekara goma ana yaba masa a kan ɗabi'ar da yanzu ake so ya bari.

A Dominika abin ya fi tsanani, ana sa hannu da yara tun suna 16, gwajin kuma gudu ne da ƙarfin jifa da nisan bugu, har suna da wata tsohuwar magana cewa wok ba ya fitar da mutum daga tsibiri. Yaron da gidansu ke jiran kuɗin sa hannu ka ce masa ya tsaya ya ƙyale ƙwallo huɗu gaban baƙon da ya zo kallonsa na yini ɗaya? Haba. Amma abin mamaki shi ma Soto a Santo Domingo, babban birnin Dominika, aka haife shi, sai dai ya taso bayan ƙungiyoyi irin su Oakland sun riga sun nuna cewa mai yawan isa zango kuɗi ne.

Inda Amurkawa suka fi mu shi ne lissafi, mu sai dai a ce wane yana da baiwa a wuce wajen. Su tun 2015 kyamarorin Statcast suna bin kowace ƙwallo, an san sau nawa ka bi ta waje, kuma yanzu akwai injin Trajekt da ke nuna maka bidiyon mai jifan da za ka fuskanta ya kuma wurgo maka irin jifarsa sak. Wannan zai taimaka wa yaron da idonsa ke gani amma zuciya ke ingiza shi, a ce masa yau silaidar ƙasa haramun ce gare ka, ya rage. Wanda kuwa bai iya bambance silaida da miƙaƙƙiyar jifa tun daga hannun mai jifa ba, ko kwana zai yi a gaban injin ban ga zai zama Soto ba, in ni ne mai ƙungiya sai in bar shi da dukansa in saka shi can ƙasan jerin masu bugu, na bakwai ko na takwas.