Butar da ta dafa kanta

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Disamba ya san ruwan randa da asuba ba abokin wasa ba ne. Idan hunturu ya kankama a kan tsaunin nan, alwala ma sai mutum ya yi ta maza. Ga gas ya yi tsada, sai uwargida ta kafa mini ƙahon zuƙa a kan in sayo butar lantarki.

Na nufi Terminus, wajen masu baje kaya a bakin titi tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwa a 2002. Wani saurayi ya zaro mini wata mai ƙyalli, an rubuta wat 2000 a kwalinta, har da tutar Jamus a gefe. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce, "Alhaji, wannan sai dai ka gaji da ita ka yi kyauta."

Tun a ranar muka fara ganin hali. Filoginta mai ƙafa biyu ne, soket ɗin gidanmu kuwa mai rami uku irin na Ingila, sai an cusa murfin biro a ramin sama kafin na ƙasa su buɗe. Wayar kuma ba ta kai kamu biyu ba. Dole muka kife bokitin fenti, muka ɗora kujera 'yar tsugunno, sannan gimbiya ta hau ta zauna. Wanda ya ƙera murfin kuwa, na rantse bai taɓa haɗa shayi ba a rayuwarsa, don da ka buɗe, tururin a kan yatsunka yake sauka.

Albashi bai zagayo ba murfin ya daina rufuwa sosai. Wata asuba na jona ta na tafi masallaci, da nufin in dawo in tarar ta kashe kanta yadda ta saba. Tun daga zaure na jiyo ƙaurin roba. Ruwa ya ƙone ƙurmus, gindinta ya narke ya manne da kujera. Uwargida na tsaye da tsumma a hanci, ta ce, "Baban Ummi, Jamusawan naka sun ƙone."

Na kai ta Dilimi, har da kujerar, tunda sun ƙi rabuwa. Mai gyara ya duba kusoshin, kansu mai kusurwa uku, babu sukundireban da zai kama su a duk shagon. Ya ce da gangan ake yi don kada a buɗe, ya sa guduma. Ya nuna mini wani ɗan falle na ƙarfe a ƙarƙashin hannun butar: tururi ne ke bi ta wata 'yar hanya ya taɓa shi, ya lanƙwashe ya ture makunni. Murfi a buɗe, tururin ya yi gaba abinsa, buta kuma ta yi ta aiki har ta ga bayan kanta. Sai ya feƙe wayar da reza. A waje jan ƙarfe, ciki fari fat.

"Baba, alminiyom ne aka yi wa kwalliya. Ka gode Allah kujera kawai ta ci."

Jikin butar bai fi gwangwanin madara kauri ba, a garin da kakanninmu suka haƙi kuzar da ake shafe gwangwanin da ita.

Na koma Terminus a fusace, na ajiye wa saurayin nan gawar a kan tebur. Ko gezau bai yi ba. Ya yi mini jaje, ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, tuta ɗaya, rubutu ɗaya, kuɗi ninki biyu.

"Haba Alhaji, ai ran nan ba ka ce orijinal kake so ba."