Tafarnuwa tana da amfani, amma a daina cewa tana warkar da ciwon daji

Tun farkon satin nan wani saƙon murya ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp a nan Jos, ni kaɗai sau huɗu aka turo min shi. Wani ne da ya ce shi dokta ne yake ta rantsuwa wai Turawa sun daɗe da gano tafarnuwa na warkar da ciwon daji amma kamfanonin magani suka ɓoye, wai a daka ƙwaya bakwai a haɗa da zuma a sha kwana arba'in, kuma a bar wahalar da kai da zuwa asibiti. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi ƙona min rai.

Don na ga inda take kai mutum. Wata maƙwabciyarmu a Anguwar Rogo ta ji ƙullutu a mamanta, aka ce mata ta riƙa ɗora dakakkiyar tafarnuwa a wurin tana ɗaurewa da tsumma. Fatar ta ƙone ta saluɓe, aka ce ai ciwon ne ke fita. Sai da aka yi wata takwas kafin a kai ta asibiti, likitan ya dubi ɗanta ya ce "Malam, ina kuka tsaya tuntuni?" Allah Ya jiƙan Hajiya, ba ta ga azumin da ya biyo baya ba.

Abin da ke sa ƙaryar nan shiga zuciya shi ne akwai ɗan gaskiya a cikinta. Tafarnuwa na da sinadaran sulfa, su ne ma ke ba ta wannan warin. Idan aka daka ta, wani sinadari mai suna alliin yana haɗuwa da wani da ke cikin ƙwayar sai su haifar da allicin, wanda Chester Cavallito da abokin aikinsa suka fara warewa a Amurka a 1944. Shi allicin ɗin ba ya daɗewa, nan da nan yake rikiɗa zuwa wasu sinadarai, kuma an gwada su a ɗakin gwaje-gwaje an ga suna hana ƙwayoyin ciwon daji yaɗuwa a cikin faranti da jikin ɓeraye. To amma fa faranti ba jikin Hajiya ba ne, yawan da ake zubawa a can ba za ka taɓa samun sa a jininka ba ko da buhu guda za ka cinye daga kasuwar Farin Gada.

A jikin mutane fa? Babban gwajin da aka yi shi ne na gundumar Linqu a lardin Shandong na ƙasar Sin, an fara a 1995 da mutum 3,365, wasu aka ba su ƙwayoyin maganin da aka haɗa daga tafarnuwa sama da shekara 7. Da aka fitar da sakamako a 2019 bayan bin su shekara 22, an ga mutuwa daga ciwon dajin ciki ta ragu a cikin waɗanda suka sha. Labari ne mai daɗi, ban musa ba. Amma mutanen nan ba masu ciwon daji ba ne aka ba su don su warke, rigakafi ake gwadawa, kuma a wannan gwajin dai maganin asibiti na sati 2 da ke kashe H. pylori, ƙwayar cutar da ke zama a ciki tana iya jawo ciwon daji, ya fi nuna tasiri ƙarara. Wannan ɓangaren ne doktan WhatsApp ba zai taɓa faɗa maka ba.

Masu cewa ai kakanninmu da itatuwa suka rayu, su faɗa mana wa ke ƙirga waɗanda suka mutu da daji a ƙauye a wancan zamanin.

Sannan ba a faɗa wa mutane cewa tafarnuwa da yawa na tsinka jini, mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko wanda za a yi wa tiyata tana iya jawo mishi zubar jini. Ƙwayoyin maganin da ake haɗawa da ita kuma an tabbatar suna rage ƙarfin saquinavir, ɗaya daga magungunan masu ɗauke da HIV. Duk da haka kana tsaye a kasuwar Terminus za ka ji lasifika a kan mota ana tallan kwalbar man tafarnuwa ana lissafo daji da suga da hawan jini a numfashi ɗaya, ana ɗaga lambar NAFDAC kamar ita ce shaidar warkarwa, alhali lambar maganin gargajiya ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jiki.

Najeriya, ƙasar da ake samun sababbin masu ciwon daji sama da 120,000 a shekara, kusan 80,000 na mutuwa, mafi yawa don sun zo a makare, wallahi bai kamata ta bar irin wannan tallan ya wuce haka nan ba. Na san kuɗin kemo, wato maganin daji na asibiti, ne ke kora mutane wajen masu lasifika, talauci ne ba wauta ba, shi ya sa ma nake ganin cinikin nan a matsayin zalunci. Hukuma ta kama masu tallan, limamai su yi magana a huɗuba, gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin gwaji.

Ni kam a gidana tafarnuwa ba ta yankewa a miya, ina dakawa in bar ta minti 10 kafin ta shiga tukunya don zafi kar ya kashe aikin kafin allicin ya fito. Wanda ya ji ƙullutu kuma ya nufi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a satin, kar ya jira kwana arba'in. Admin ɗin guruf ɗin unguwarmu na roƙe shi tun shekaranjiya ya goge saƙon, har yanzu yana nan ana ta tura shi gaba.