Bangon haske na ɗaukar fim: abin da za mu ɗauka a Yamai da abin da za mu bari

Tun da aka fara yawo da hotunan yadda aka ɗauki The Mandalorian, fim ɗin Amurka mai dogon zango da ya fito a 2019, matasanmu masu harkar fim a Yamai ba su da zance sai na bangon LED, wato bangon allunan haske da ke nuna hoto a bayan ɗan wasa. Ni a ganina, ƴan uwa, bangon ba shi ne abin sa wa ido ba. Tsarin aikin da ya zo da shi ne abin ɗauka.

Kamfanin ILM, mai haɗa hotunan kwamfuta na fina-finai, ya kewaye ɗakin ɗauka da allunan haske, tsayi kusan mita 6, faɗi kusan mita 23. Wurin da labari ke faruwa, hamada ce ko gari, ana gina shi cikin kwamfuta da manhajar Unreal Engine. A saman kamara akwai ƴar na'ura mai gaya wa kwamfuta inda kamarar take da inda ta dosa. Da kamara ta matsa, hoton bango ya gyara kansa nan take, dutsen kusa ya gudu da sauri, na nesa ya bi a hankali, kamar yadda ido ke gani a waje. Hasken bangon kuma yana sauka a jikin ɗan wasa, shi ya sa hular ƙarfen jarumin ke ɗaukar launin sama ba tare da an gyara daga baya ba. Faɗuwar rana da ba ta wuce minti 20 a bakin kogin Isa, a can sai a tsayar da ita yini guda.

To, a yi lissafi. Allo ɗaya santimita 50 ne kowane gefe. Ƙaramin bango mai mita 6 a 3 yana cin allo 72, kuma idan an ƙure haske kuran ɗinsa ya haura kilowat 10, ban da kwamfutoci da klim. A watan Afrilu da zafi ke taɓa 45, ga ƙura mai toshe iskar na'ura, sai da gurup mai ƙarfi a gefe. Kada wani ya ce a hayo allunan biki da na taron siyasa. Ɗigon haskensu ya yi nesa da juna, galibi milimita 3.9 ko fiye, alhali na wancan fim 2.84 ne, kuma ba sa sabunta hoto da saurin da kamara ke so. Abin da ke fitowa shi ne zane-zane masu rawa da baƙaƙen layuka masu gangarowa. Maganin layukan sai an ɗaure bugun kamara da na bango da waya guda, a ɗauka hoto 25 a daƙiƙa daidai da kuranmu mai 50. Maganin zanen kuwa, ɗan wasa ya nisanci bango da mita 3, a buɗe idon kamara don baya ya ɗan dushe.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa: bango ba ya iya ranar tsaka. Haskensa mai laushi ne, ba ya jefa inuwa mai kaifi irin ta Tawa da azahar, dole a ƙara babbar fitila. Baƙar fata kuma tana sheƙi, tana kwasar launin bango, sai fuska ta yi ja-ja idan ba a haska ta da farar fitila dabam ba.

Abin da ya sauya da gaske shi ne, aikin da aka saba bari sai bayan ɗauka yanzu ya dawo gaba. Mu da muka saba da "a ɗauka, za a gyara wajen haɗawa", wannan ne darasin. Unreal da Blender, manhajojin gina wuri cikin kwamfuta, ana saukar da su kyauta. Da kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi, darakta zai gina wurin, ya zaɓi inda kamara za ta tsaya, ya ga fim ɗinsa tun kafin ya biya kuɗin mota. Koren ƙyalle, wanda ake sa wa a bayan ɗan wasa don a musanya shi da wani hoto daga baya, har yanzu yana aiki idan an miƙe shi ba tanƙwara, an haska shi daidai, ɗan wasa ya ba shi mita 2, ba kore a kayansa. Hira cikin mota kuwa, babban talabijin a bayan gilashi ya isa.

Wurin da na fi so mu zuba ƙarfi shi ne kwafo gine-ginenmu. A zagaye gini da kamara, kowane hoto ya hau kan na baya da kashi 70 cikin ɗari, manhaja irin Meshroom ta haɗa su su zama gini mai jiki. Ranar hazon hunturu ta fi dacewa, don babu inuwar da za ta maƙale a hoton, kuma bangon laka mai ƙaiƙayi ya fi gilashi sauƙin kamawa. Masallacin Yaama na jihar Tawa, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, da hasumiyar Agadas, ba a samun irinsu a rumbun kayan da Turawa suka tanada, a nemi dai izinin limami da sarki tukuna. Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar wanda ya zauna a Tawa, da zanen hannu ya yi fim ɗin kwaɗinsa a 1966, hoto bayan hoto. Ɗaliban ESSCOM (tsohuwar IFTIC), makarantar koyon aikin yaɗa labarai ta Yamai, na iya soma wannan kwafe da tsohuwar unguwa guda cikin hunturun bana.