Masta, wa ka bar wa laƙanin?

Makonni biyu da suka wuce na kai motata Magazin ɗin Suame, babbar unguwar kanikawa ta Kumasi a Ghana, tana ta mutuwa a kan hanya ba gaira ba dalili. Mastan da na saba da shi ya buɗe bonet, yaransa uku sun kewaye shi. Sai da ya gano inda cutar take, ya miƙa hannu zai taɓa wayar, sannan ya ɗaga kai ya ce da babban cikinsu: "Kai, je ka sayo wa Alhaji ruwan sanyi." Sauran biyun ya aike su ɗauko sufana. Kafin su dawo mota ta tashi.

Ni ban ce ina jin ƙishirwa ba. Na tambaye shi, "Masta, yaron nan shekararsa nawa a wurinka?" Ya ce huɗu. Na ce to me ya hana ya gani? Ya goge hannu da tsumma, ya ce: "Alhaji, in ya san wannan, gobe zai kafa rumfa a ƙofar shagona. Da me zan ciyar da iyali?"

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba a gareji kaɗai take ba. Tana cikin ƙungiyoyinmu na Zango, da kwamitocin masallatai, da makarantun Islamiyya, da ofisoshin da 'ya'yanmu ke aiki. Na taɓa zama a kwamitin wata ƙungiyar taimakon juna a unguwar Aboabo ta Kumasi. Sakatarenmu mutum ne mai amana, amma shi kaɗai ya san wanda ya biya kuɗin wata, shi kaɗai ya san yadda ake sabunta rajista, kuma lambar sirrin asusun momo, wato kuɗin da ake ajiyewa a waya, tana kansa. Da ciwo ya kwantar da shi, sai aka yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikinmu, muka kasa fitar da ko sidi ɗaya na gudummawa. Ranar na ji kunyar da ban manta ba, ina tsaye a gaban marayu hannu rabbana.

Abin da muka saba yi shi ne wa'azi. Mu jawo hadisin da ya ce wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ranar alƙiyama, kowa ya gyaɗa kai, a watse. Hadisin gaskiya ne, kuma mastan nan ya san shi. Amma tsoronsa ma ba na banza ba ne. Mutum ba ya ɓoye abin da ya sani sai ya ga cewa bayyana shi zai rage masa abinci ko daraja. Shugaban da ke so mutanensa su riƙa koya wa juna, aikinsa na farko shi ne ya cire wannan hasarar daga kan mai koyarwa.

Ta yaya? A ofis, duba wanda ake ƙara wa girma. In kullum wanda "ba a iya komai in ba shi" ne ke samun ƙarin albashi, to ka riga ka sanar da kowa cewa ya rufe aljihunsa. Ka juya lissafin: wanda ya horar da mutum biyu har suka iya aikinsa, shi ya cancanci hawa kujera ta gaba, kuma a faɗi dalilin a bainar jama'a. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan. Ba a ambaton malami sai an ce almajirin wane ne, kuma girman Alhaji Umaru na Karaci (Kete-Krachi a Ghana), wanda ya rasu a 1934, bai tsaya ga rubuce-rubucensa ba, har da ɗaliban da suka watsu a zangunan ƙasar nan suna karantarwa. Me zai hana shugabannin masu gareji su riƙa karrama masta bisa yawan yaran da ya yaye da cikakkiyar sana'a, su kuma tsara tazarar da yaro zai bari tsakanin sabon shagonsa da na mastansa?

Sai abu mafi wuya, wanda ya shafi shugaban kansa. A wurinmu babba ba ya cewa "ban sani ba", yaro kuma ba ya gyara wa babba. Wannan ladabi ne mai kyau a gida, amma a wurin aiki yana toshe hanyar da ilimi zai hau daga ƙasa zuwa sama. Motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, ana jona musu na'ura ta karanto lambar cutar. Sau da yawa yaron da ya yi sakandare, yake kwana yana kallon YouTube, ya fi mastansa gane lambobin. Yana gani ana kwance abin da bai lalace ba, ya yi shiru, don an taɓa ce masa "yaushe aka haife ka?" Ranar da masta zai ce a gaban kowa, "Zo ka nuna mini wannan," ranar sauran za su fara buɗe baki.

Wata malamar Jami'ar Harvard a Amurka, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanninsu za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan rubuta kuskure. Ba don sun fi kowa yi ba, sai don ba sa tsoron faɗa. A masana'antar Toyota kuwa, ƙaramin ma'aikaci yana da igiyar da zai ja ko maɓallin da zai danna in ya ga matsala, shugaban sashe ya zo da sauri, in ta kama a tsayar da layin haɗa motoci. Ba a tsawata masa. Kuskuren da aka faɗa da wuri darasi ne ga kowa. Wanda aka binne, wani zai sake faɗawa ramin.

Kada ma mu tafi nesa. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wato KNUST, ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a tsakiyar Magazin, maimakon ta jira maƙera da kanikawa su hau harabarta. Injiniyoyi suka zauna cikin baƙin mai da ƙura suna nuna aikin injin sassaƙar ƙarfe da zubi, wanda ya koya ya nuna wa maƙwabcinsa. Koyarwa ta kama ne saboda an kai ta inda hannu ke aiki, ba ɗakin taro ba.

A ƙungiyarmu ta Aboabo, bayan abin da ya faru, mun sa doka: kowane muƙami yana da mataimaki da ke riƙe littafi wata guda cikin uku, kuma mutum uku ke sa hannu kafin a taɓa asusu. Sakataren da ya warke ya ji zafi da farko, yana ganin an zarge shi. Shugabanmu ya je gidansa da kansa, ya ce, "Yaya, ba amanarka muke shakka ba, so muke ka koya mana." Shi ne ya zauna Lahadi huɗu a jere bayan la'asar yana nuna wa samari biyu yadda ake cike littafin.

Mako mai zuwa zan koma Suame canjin mai. Zan tafi da ruwana a mota, in kuma roƙi masta ya bar yaron ya tsaya.